Shekarar da Maigidana Ya Kwance Rawaninsa

Bana ma korin Telwa, rafin da kan sauko mana da damina, bai kawo ruwa ba. Tun da bazara ta kama nake zama bakin ƙofa ina duban wajen duwatsu, inda hadari kan taso mana, ba abin da nake gani sai farin sama. Buzaye sun cika bayan gari da bukkokin tabarma, dabbobinsu sun ƙare a daji. Kwanan baya kamiyo, babbar motar kaya, ya shigo da buhunan wata jar dawa, aka ce daga Amurka take, kowa ya fito da ƙwarya. Na ga mata a jere cikin rana, har da matan manyan gidaje, kowace da ƙwaryarta a hannu. Raina ya ɓaci.

Jikana Musa, wanda ke koyar da yara a lakwal, shi ya kawo mana rabonmu. Na ɗebo dawar na tauna da sauran haƙoran da Allah ya bar mini. Na ce, "Ango, wannan ai abincin doki ne. Wa ya tuna da mu har can?"

Ya ce, "Kaka, a can akwai mutanen da sana'arsu tsaya wa mutum gaban alƙali, aboka muke ce musu. In ɗaya ya yi suna, sai mutanen garinsu su zaɓe shi ya tafi majalisa ya zama bakinsu. Na ji a rediyo irinsu ne suka yi ta magana har aka yarda a aiko mana."

Na ce, "To, ai labarin kakanka kake ba ni. Shi wancan na Amurka, da ya gama maganar, mutanensa sun ci gaba da gaishe shi?"

Ya yi dariya, ya ɗauka tsufa ne. Ba tsufa ba ne, da hankalina na tambaya.

Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Yanzu na haura tamanin, ba sauran wanda zan ji wa kunya. Sunansa Attahir. Ba alƙali ba ne, ba kuma wani babban malami ba. Ubansa baduku ne, shi kuwa tun yana saurayi ya ƙi zaman ɗinkin fata, kullum yana zauren alƙali yana saurare. A nan ya gane cewa mutum kan zo da gaskiyarsa ya koma ba ita, don kawai harshensa ya sarƙe gaban manya. Sai ya fara yi wa irin waɗannan magana. Buzun da aka ɗauki raƙuminsa haya zuwa Bilma raƙumin ya mutu a hanya, matar da 'yan'uwan mijinta suka hana ta dabinonta na Dabaga, mai gishirin Tegidda da aka ce ya cakuɗa da ƙasa, duk ƙofarmu suke zuwa. Yakan zaunar da mutum ya bar shi ya yi ta zuba har ya gaji, shi kuwa yana zanen ƙasa da tsinke. In mutumin ya ƙare, sai ya ce, "Yanzu faɗa mini abin da ka ɓoye." Kuma kullum akwai shi.

Da sunansa ya fito, unguwarmu ta ɗauke shi ya zama bakinta a fada. In an aza mana aiki ko wani kaya da ya fi ƙarfinmu, shi ake turawa. Yana da tsarinsa, kuma ba shi ya ƙirƙiro ba, haka aka gada a Agadas. Zuwan farko gaisuwa ce kawai, ba a roƙon babba ranar da aka fara zuwa. A zuwa na gaba a zagaya maganar daga nesa. Sai daga baya a ajiye ta. Sannan wanda zai yi magana da yawun unguwa, unguwa ce ke tufatar da shi. Wannan gida ya ba da riga, wancan takalmi, wani zobe. Sarki ya san kayan kowa. In ya ga Malam ya shigo da takalman wane da rigar wane, ya san unguwa ce gaba ɗaya ta tsaya a gabansa, ya san kuma abin da ya kawo ta ba ƙarami ba ne, tun ba a buɗe baki ba.

Ina ƙaramar yarinya Faransawa suka shigo mana. Kafin in yi aure sun riga sun gina gidan kumandan a bayan gari, da sojojinsu 'yan Bambara, kuma magana ta fara barin fada tana komawa can. Raƙuma suke so, kullum raƙuma. Sai kuma ga shekarar da nake ba da labarinta.

Daminar da ta gabace ta ba ta yi komai ba, yayyafi ne da bai jiƙa ko bango ba. Agadas kuwa ba ta noma abin da take ci, hatsinmu daga Damargu yake zuwa a bayan raƙuma. Damargu ma ta ƙone. Hatsi ya fara ƙaranci a kasuwa, daga nan ya ɓace ɗungum. Rijiyoyin Dabaga suka yi ƙasa har shanun da ke jan guga suka kasa, alkama da masarar da kan sauko mana daga can suka yanke. Lokacin ina goyon Lami, uwar wannan Musan, ba ta fara ko rarrafe ba.

Zafin shekarar nan har yau ina jinsa a tafin ƙafata. Da hantsi ya ɗaga, bangon ɗaki kan ɗauki zafi har ba a jingina da shi. Ruwan randa ɗumi, ga ɗanɗanon kanwa, don rijiyar unguwa ta kai ƙasa, sai an jira ta tatso. Akuyarmu ta ci tabarma, ta ci igiyar da aka ɗaure ta da ita, ranar da ta kasa tashi muka yanka, naman bai cika akushi ba.

Da asuba mukan fita mu mata, kafin gari ya waye sosai, don kada a ga inda za mu. Mu nufi daji tsintar ƙarangiya. Wanda bai sussuke ƙarangiya ba bai san wahala ba: ƙayarta ta cika hannu, ta cika zane, a wuni ana fama a samu abin da bai rufe gindin ƙwarya ba. Mu haƙa ramin tururuwa mu kwashe abin da suka tara. Mu tsinko 'ya'yan anza, masu ɗacin da sai an jiƙa an zubar, an sake jiƙawa an zubar, ga ruwan ma nemansa ake. Goriba kuwa mun dake ta har ɓawo. In an samu ɗan gari sai a dama kunu tsararo, a fara ba surukata, Inna, sannan Malam, sannan ni. Malam kan kurɓa kaɗan ya turo mini ƙwaryar ya ce ya sha wani abu a waje. Ƙarya yake yi, na sani, ya san na sani.

Ga kuma abin da 'yan yanzu ba za su gane ba. Duk la'asar, kowane gida a unguwarmu sai ya hura wuta ya aza tukunya, ko da ruwa ne zalla a ciki, don hayaƙi ya tashi. Kowace mace sai ta jawo turmi ta yi daka. Ni da kaina na daka ɓawon goriba da yashi, har da lugude, ina jin maƙwabciyata, matar Malam Bahari babban unguwarmu, ita ma tana nata ta bayan katanga. Na san abin da ke cikin turminta, ta san abin da ke cikin nawa. In mun haɗu a rijiya ta ce, "Mariyama, na ji dakanki jiya, tuwo aka yi ke nan?" In ce, "Wallahi kuwa, Yaya, har ya kwana." Mu rabu kowa jiri na ɗibarta. Haka muka taso, gidan mutunci ba ya bari a san ya kwana da yunwa.

Da abu ya ƙi ci, dattawa suka haɗa kai. Kowane gida ya fito da abin da yake da shi, gishiri, jakunkunan fata, azurfar mata. Ni na cire mundayen aurena na bayar. Aka damƙa wa wani madugu ya yi kudu, ya wuce Damargu in ta kama, ya nemo hatsi ko ina yake. Muka zauna jira. A cikin jiran nan nonona ya fara ƙafewa. Lami ta kama ta tsotsa ta tsotsa, ta saki ta yi kuka. Daga baya ta daina kukan, wannan ya fi tsorata ni.

Wata safiya aka ce ga ayari ya dawo, taikunan hatsi a kan raƙuma. Mata har sun fara wanke tukwane. Kafin ya iso ƙofar gari sojoji suka tare shi suka karkata da shi gidan kumandan. Aka ce sojojin da za a tura Bilma suna bukatar guzuri, hatsin ya zama na hukuma. Daga kan soronmu ina hango taikunan jibge a cikin shingensu.

Dattawa suka taru a zauren Malam Bahari, magana ɗaya aka yi: Attahir ya je wajen kumandan. A ranar kaya suka fara shigowa gidanmu. Takalman Malam Bahari masu jan aiki, babbar rigar shuni daga gidan wani attajirin fatake da ke unguwar, zoben azurfa daga gidan maƙera, wando, turare. Rawanin ne kaɗai nasa, baƙin turkuɗi da ya gada. Da na zo ɗaura masa wandon, sai da na zagaya mazagin sau biyu, ƙugun ba komai. Inna ta kawo tandun man shanu ta kankare abin da ya manne a gindinsa, wanda take ɓoye wa jikarta, ta shafa masa a hannuwa da goshi don kada a ga fatarsa ta yi furu-furu. Na sa masa kwalli. Ya naɗa rawani ya ja amawali ya rufe baki da hanci, sai idanu. Wallahi ya yi kyau, har na manta da yunwa na ɗan lokaci ina kallonsa.

Bai daɗe ba ya dawo. Ya shigo ya zauna a kan turmi, bai cire komai ba. Inna ta ce, "Yaya aka yi, ɗana?"

Ya ce, "Na gaishe shi, Inna, kamar yadda ake yi. Ya tambaye ni ta bakin tafinta yaya unguwa, na ce lafiya lau, sai godiya. Ya ce akwai yunwa? Na ce asirinmu a rufe yake."

Inna ta ce, "To, ai daidai ka yi. Gobe sai ka koma."

Ya ce, "Ba gobe. Ya taso ya kama hannun rigar nan ya murza, ya dubi shunin a yatsunsa. Ya ce mai sa irin wannan ba ya jin yunwa. Ya ce duk la'asar yana hawa soronsa yana ganin hayaƙi a kowane gida, yana jin daka har inda yake. Ya ce mutanen da ke dafa abinci kullum sun ɓoye hatsi ke nan, kada in sake zuwa masa da wannan magana."

 Abin da Sarki zai gani da kallo ɗaya, wannan mutum ya dube shi ya ga akasinsa, kuma mu da hannunmu muka shirya masa.

Dattawa suka sake zama. Malam Bahari ya ce a yi haƙuri, a nemi wata 'yar kyauta a kai wa tafinta, a jira ko Allah zai kawo ruwa. Wani ya ce in mutuwa ce, a mutu a cikin ɗaki ƙofa a rufe, kamar yadda iyayenmu suka yi. A cikin kwanakin nan aka fitar da gawar yara biyu daga unguwar, aka ce zazzaɓi ne. Kowa ya san ba zazzaɓi ba ne.

Lami kuwa maɗigarta ta faɗa. Idanunta a buɗe, ƙuda na sauka ba ta ƙiftawa. Ina ɗiga mata ruwan anza da yatsa yana dawowa. Da azahar ɗin wata rana Malam ya shigo, na miƙa masa ita. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Malam, riƙe ta ka ji nauyinta. Ka tsaya wa Buzu a kan raƙumi, ka tsaya wa mai gishiri, ga 'yarka za ta mutu hatsinta na jibge inda kake hangowa. Ni ban san tsarin zuwan farko da na biyu ba. Yarinyar nan ba za ta kai zuwa na uku ba."

Ya riƙe ta ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Mariyama, mutumin nan ba ya jin magana irin tamu, shaida yake so. Shaidar kuwa ina da ita, amma ba tawa ba ce ni kaɗai. In na kai masa, ba ni da sauran zama a garin nan."

Na ce, "Ka kai."

Har yau ban yi nadamar faɗin haka ba, kada wani ya ɗauka zan ce na yi.

Washegari da hantsi ya sake sa kayan nan duka, don ba a riga an mayar ba. Bai shawarci kowa ba. Ya fita ya bi tsakiyar unguwa a hankali. Mutane suka ga bakin unguwa ya fita da kayan unguwa, sai suka bi shi, maza a gaba, mu mata daga nesa, ni da Lami a baya. Malam Bahari ma ya fito da sandarsa. Rana ta riga ta yi zafi, yashi na ƙona ƙafa.

Kumandan na zaune a rumfar ƙofar gidansa, jan mutum mai ɗan gemu, tafinta a tsaye gefensa, sojoji a bakin shinge. Da ya ga Malam ya ɗaga hannu a kore shi. Malam bai gaishe shi ba. Wannan kaɗai ya sa dattawa suka dubi juna. Ya sunkuya ya cire takalman ya ajiye su gaban rumfar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

Ya ce wa tafinta, "Gaya masa wannan takalmi ba nawa ba ne, na Malam Bahari ne, ga shi can tsaye. Tukunyar da ke kan murhun gidansa ruwa ne zalla. Abin da matarsa ke dakawa yashi ne."

Na ji wata ta ja numfashi a bayana, matar Malam Bahari ce. Malam bai waiwaya ba. Ya zare zoben ya faɗi gidan da ya fito, ya ce jiya fatar guga suka gasa suka ci. Ya tuɓe babbar rigar ya faɗi mai ita, attajirin da gari ke ganin ya fi ƙarfin yunwa, ya ce yaron da aka binne daga gidansa ba zazzaɓi ya kashe shi ba. Ɗaya bayan ɗaya yake cirewa yana ajiyewa, kowane da sunan gida da abin da ke cikin tukunyarsa. Ya san komai, don shi kowa ke gaya wa abin da ya ɓoye. Ya rage daga shi sai wando da rawani, haƙarƙarinsa a waje ana ƙirgawa.

Sai ya kai hannu ga rawanin. A Agadas ta lokacin, mutum kamarsa ko abinci zai ci ta ƙarƙashin amawali yake kai loma. Ni matarsa ban cika ganin bakinsa da rana ba. Ya warware shi a gaban sojoji da mata, ya ajiye a kan sauran kayan. Kumatunsa sun shige ciki, leɓɓansa sun tsattsage, ƙasusuwan fuskarsa kamar za su huda fata. Ya ce, "Wannan nawa ne. Ga matata can. Nononta ya ƙafe, 'yar da ke bayanta ba ta da ƙarfin kuka. Gaya masa in bai yarda ba, ya zo da la'asar in hayaƙi ya tashi, ya ɗaga murfin kowace tukunya da hannunsa."

Sojoji suka juyo suna kallona. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Na ja mayafi na rufe fuska, amma ban gusa daga inda nake ba.

Kumandan ya zo kuwa. Da la'asar ya shigo unguwa a kan doki da sojoji, ya shiga gidaje har inda namiji baƙo bai taɓa takawa ba. Abin mamaki, duk da abin da ya faru da safe, ba gidan da bai hura wuta ba, hannu ya riga ya saba. Ya ɗaga murfi ya ga ruwa na tafasa, ya wuce gida na gaba ya ɗaga ya ga ruwa. Ya sa hannu a turmin matar Malam Bahari ya ɗebo yashi, ita kuwa ta juya fuska ga bango. A gidanmu ya dubi Lami, bai daɗe ba ya fita.

Kashegari aka saki hatsin. Ba duka ba, sun riƙe wani kaso, amma abin da ya shigo ya kai mu har ruwa ya sauka. Na dama kunu na sha, na sake sha, bayan kwanaki na ji ƙirjina ya yi nauyi, Lami ta kama ta haɗiya. Ranar da ta tsala kuka har maƙwabta suka ji, ni ma na zauna na yi nawa. Da kori ya zo daga baya, da jan ruwansa da ƙarar duwatsu, duk gari ya fita kallo. Na tsaya cikin ruwan sama da ita a baya har muka jiƙe sharkaf.

Kowane gida ya ci hatsin nan, ba wanda ya mayar da rabonsa. Amma Malam Bahari bai zo karɓar takalmansa ba, matarsa ya aiko, ta tsaya a ƙofa ta miƙo hannu ba ta shigo ba. Attajirin ya ce a bar rigar, ba ya so. A masallaci in Malam ya yi sallama a amsa masa a taƙaice. Da aka sake aza mana neman raƙuma, dattawa suka zauna ba a kira shi ba, aka tura wani. Masu ƙara suka daina zuwa ƙofarmu. Wa zai gaya wa Attahir abin da ya ɓoye?

Wata rana a rijiya na kasa haƙuri. Na ce wa matar Malam Bahari, "Yaya, 'ya'yanki da ke gudu a tsakar gida, hatsin wa suka ci?" Ta ɗauki tulunta ta ce, "Na ci, Mariyama, ban musa ba. Amma har in mutu ina ganin hannun Nasara a cikin turmina." Na dawo gida ina huci na gaya wa Malam. Na ɗauka zai taya ni. Sai ya ce, "Ki bar su, gaskiyarsu. Amana suka ba ni na kai ta kasuwa. Da za a kawo mini ƙarar, bayansu zan bi." Wannan magana ta fi komai ƙona mini rai.

Ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Ya koma tufkar igiyar kaba yana sayar wa masu ayari. Yakan zauna a zaure, in mutane sun wuce suna gardamar wata shari'a sai in ga hannunsa ya tsaya, in ji yana magana ƙasa-ƙasa cikin amawali, yana jera yadda da shi ne zai ɗauko ta. Sannan ya ci gaba da tufka. Har ya koma ga Allah ba wanda ya sake ce masa, "Attahir, je ka yi mana magana." Ranar jana'izarsa unguwa ta cika, an yi masa addu'a mai kyau. Na zauna a ɗaki ina jin muryoyinsu, na san kowanne da abin da aka samu a tukunyar gidansu.

Jar dawar nan ta Amurka ba ta kai mu ko'ina ba, ta ƙare tuni. Jiya Musa ya shigo ya ce baƙin da suka kawo ta suna so su shiga gidaje su ɗauki hoto, don masu yi mana magana a can su samu abin nunawa, ko a ƙaro. Ya ce mai unguwa ya zagaya, tsayawa a layi kowa ya yarda, amma shiga cikin gida kowa ya ce a gwada maƙwabcinsa.

Na ce, "Ango, ka kawo su nan."

Lami na zaune tana tsince ƙarangiya daga zanenta, kanta fari fat. Ta ɗago ta ce, "Haba Inna. Mutane za su yi magana."

Na ce, "Sun yi ta a kan ubanki har ya mutu, ga ki nan zaune da furfura."

 Yau da la'asar za su zo. Ɗazu na ga ta hura wuta ta aza tukunya kamar kullum, ta tashi za ta sauke kafin su iso, na ce ta bar ta. Na jawo tabarma bakin ƙofa na zauna ina jiransu. Ruwa ne zalla ke tafasa a ciki, murfin kuma ni zan ɗaga.